Shekarar da Jakar Kawu Kwaku Ta Iso Madina

Tun ƙaramar Sallar da ta wuce maganar nan take ci na a rai, ranar da Sumayya ta tsaya a tsakiyar falon yayanku, gaban matarsa da 'ya'yansa, ta ce shi ne ya lalata gadon kakarku. Ta ciro waya ta nuna mana hotunan 'yan mutum-mutumin tagulla irin namu a gidajen tarihi na Turai, kowanne da kansa a wuyansa, sannan ta nuna namu, duk guntaye. Shi kuma kun san halinsa, ya sunkuyar da kai yana juya finjalin gahawa. Ni kuma na haɗiye tawa maganar, domin bakina in ya buɗe cikin fushi ba ya gane hanyar rufewa. Yanzu da na huce zan rubuta muku yadda aka yi, kuma da Hausa zan rubuta, wanda bai iya karantawa ba ya nemi wanda ya iya. Ke Sumayya, lokacin ko ɗaurin ɗankwali ba ki iya ba, kina makaranta aka yi komai. Ni ina cikin ɗakin.

Sai na ɗauko muku daga nesa kaɗan. Kakarku, wadda kuke kira Sitti ni kuma nake kira Mma, ba Bahaushiya ba ce, ko da yake da Hausa ta yi duk faɗanta na duniya. 'Yar Tonawa ce, mutanen Asante, daga wani ƙauyen goro a bayan Kumasi. Uwarta ta sa mata Akosuwa domin ran Lahadi aka haife ta, matan Zango suka mayar da ita Ladi. Babana Bakano ne mai fatauci, ya shiga ƙauyen sayen goro ya fito da mata. Ta musulunta ta bi shi Zangon Kumasi, a can aka haife ni. Yayanta Kwaku, wanda shi ne babban namiji a ɗakinsu, bai yafe wannan aure ba. Da uwarsu ta rasu Mma ta je makoki. Su a wurin makoki dangi sukan zauna a jere, mai zuwa ya bi layi yana ba kowa hannu. Ta bi layi har ta iso gabansa ta miƙa nata, shi kuwa ya cusa nasa cikin mayafi ya kau da kai, jama'a na kallo. Daga ranar ba ta sake taka ƙauyen ba. Sau ɗaya ta taɓa ba ni wannan labari, muna tsintar shinkafa, kuma ba ta ɗago kai daga faifan ba har ta gama.

Bayan wasu shekaru muka zo hajji, babana ya ga Madina ya ce shi kam ya iso gida. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, yana nan kwance a Baƙi'a. 'Yan'uwana maza tun a Zango ƙyanda ta ɗauke su, ni kaɗai na saura wa Mma. Na auri babanku, Bahaushen Sudan mai gyaran famfo, sabbak kamar yadda ake cewa a nan, muka kama haya a unguwar Sih, Mma ta zauna tare da mu. Ita ta yi rainonku duka, amma kowa ya san ɗan gatanta. Yayanku ran Juma'a aka haife shi, don haka ta ce Kofi, sunan da aka yanka wa rago kuwa ta bar wa malaman makaranta. Tana ce masa maigidana, tana ƙorafin bai kawo cefane ba, shi yana amsa mata da Larabci, ita tana yi masa tsiya da Hausa, kuma kowa ya fahimci kowa. Da ƙafafunta suka gaza, shi ne mai tura ta a keke zuwa Harami duk Juma'a. Lokacin ya zama cikakken saurayi da gemunsa, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana kuma zaman darasi bayan magariba. Ban taɓa ganin ya bar wa wani hannun keken nan ba.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an sauko daga Arfa alhazai sun fara kwararowa ziyara, wani dattijo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi. Alhaji Seidu sunansa, Musulmin Tonawa ne daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da na su Mma. Ya sha yawo kafin ya same mu, sai da wata mai sayar da abinci a unguwar Bani Harisa ta ce ta san wata tsohuwa Ladi mai Hausar Zango. Muka ba shi ruwa da dabino. Ya gaishe da Mma da Tonanci, ta buɗe baki ta amsa, sai na ji wata murya da ban san ta da ita ba, siririya kamar ta yarinya. Suka daɗe suna magana. Ni Tonancina bai wuce na sayen barkono ba, amma na tsinci sunan Kwaku, na kuma ga Mma ta ɗora hannu biyu a ka. Na tashi na dafa shayi don in ba su wuri. Da na dawo na tarar ya fito da wani ƙunshi na tsohuwar fata ɗaure da igiya, girmansa kamar ƙwaryar fura, ya ajiye a gabanta. Ya juyo gare ni ya yi Hausa.

"Hajiya, kawunki ya rasu. Kafin ya cika ya tara manya, ya ce futuwonsa na ɗakin Akosuwa ne. Aka ce masa Akosuwa ta tafi Makka, ba ta da ɗa namiji. Ya ce tana da 'ya, 'yar tana da ɗa, jini ta wajen mace yake bi. Shi ne aka aiko ni."

"To Alhaji, mun gode, Allah ya saka da alheri," na ce, ina shirin ɗauka in adana.

"A'a, ba haka ake yi ba. Tsohuwa za ta sa shi a hannun yaron. Ni in dawo in ji daga bakinsa cewa ya karɓa, in kai wa manya. In bai karɓa ba, in koma da shi. Ranar da motarmu za ta tashi zuwa Jidda zan biyo."

Futuwo shi ne jakar awon zinari. Kafin zuwan kuɗin Bature, Tonawa da garin zinari suke ciniki, kuma duk magidancin kirki yana da jakarsa, a ciki akwai ɗan sikeli, da cokulan ɗibar gari, da duwatsun awo, waɗanda ba duwatsu ba ne, tagulla ce aka zuba. Mai saye ya zo da nasa, mai sayarwa ya fito da nasa, a auna nan a auna can har a daidaita. An daina wannan awo tun kafin a haifi Mma, amma jakar ba ta rasa darajarta ba. Ba a tsallake ta, baƙo ba ya kwance ta, kuma in mai ita ya mutu ba ɗansa ke gado ba, ɗan 'yar'uwarsa ne. Babanku da ya ji haka ya yi dariya, ya ce ashe a wajen Tonawa shi baƙo ne a gidansa. Mma ta ce ai daɗewa ya yi bai gane ba. Amma ni na fahimci abin da jakar take nufi tun kafin a yi mini bayani. Mutumin da ya ƙi ba ta hannu gaban dangi ya tashi gaban dangin nan ya ƙirga 'ya'yanta cikin nasu. In jakar ta koma, an shafe ɗakin Akosuwa ke nan, kuma wannan karon daga wajenmu ƙin ya fito.

Bayan la'asar yayanku ya dawo daga aiki. Mma ta sa ya wanke hannu, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kwance igiya. Waɗanda suka fara zubowa masu kusurwa huɗu ne da zanen layi-layi. Babanku ya ɗauki ɗaya ya jinjina ya ce wannan kam miskali ne, awon zinarin Larabawa, Mma ta ce ai an ce daga hannun Wangarawa Musulmi kakanninsu suka koyi irinsu. Sai sauran suka biyo. Ga kada mai kai biyu ciki ɗaya, ga tsuntsu ya waiwaya baya, ga kaza da 'ya'yanta, ga wani ɗan mutum ɗauke da tulun albarushi a ka yana zuƙar lofe. Kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, sun yi duhu don tsufa, amma har idanu da yatsu an fitar musu. Mma tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana dariya tana share hawaye da bakin zane. Ita nake kallo, shi ya sa ban lura da fuskar yayanku ba sai da ta tattara bakin ƙyallen ta ce ya miƙo hannu. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Samihini ya sitti, ma agdar," ya ce, wato ta yafe masa, ba zai iya ba.

"Me maigidana yake cewa?" Mma ta tambaye ni, alhali ta ji sarai.

Ya juyo gare ni ya ci gaba da Larabci. Ya ce waɗannan surori ne na masu rai, zubabbu, masu inuwa, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka ajiye su. Ya ce masu kusurwa huɗun zai karɓa da hannu biyu, da sikelin da cokulan, amma ba waɗannan ba.

"Kai Kofi," Mma ta ce, "na yi maka kama da mai bautar kaza? Na yi salla tun ba a haifi uwarka ba. Waɗannan magana ce. Mutanenmu ba su da alƙalami, sai suka zuba maganarsu a ƙarfe."

"Wallahi arif, ya sitti," ya ce. Ya san ba ta bauta musu, amma hukunci hukunci ne.

"Ba a raba futuwo," ta ce. "Wanda ya ɗauki rabi bai gaji kowa ba."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in mare shi, da gemunsa da komai. Tsohuwa ta miƙa hannu karo na biyu a rayuwarta an bar mata shi a iska, kuma wannan karon ɗan cikina ne. Amma gaskiya ɗaya ce, ba taurin kai ba ne, tsoron Allah ne. A garin nan aka haife shi, wannan aka koya masa tun yana rarrafe. Mu muka kai shi makarantar, mu muka yi ta tinƙaho da shi gaban maƙwabta cewa ɗanmu ba ya wasa da addini. Ba zan shuka gero in tashi ina zagin gona don ba ta fitar da dawa ba. Na tattara jakar na ɗaure, na tura ta bayan matashin Mma.

Aka yi kwanaki a haka. Mma ta juya wa bango fuska, ba ta karɓar komai sai ruwan shayi. Yayanku ya riƙa tsayawa bakin ƙofarta yana sallama, ta amsa a ciki-ciki, babu maigidana babu cefane. Juma'a ta zo ta wuce, keken yana nan a lungu da bargo a kansa. Babanku, wanda duk rikici yake gani kamar famfo ne da za a ɗaure da zare, ya ce a ba shi jakar ya kai shago ya ajiye, kowa ya huta. Na ce masa ba wurin ajiya muka rasa ba, hannun karɓa muka rasa. Ni kuma na zo da tawa dabarar, na zauna bakin gadon Mma na yi ƙasa da murya.

"Mma, Alhaji Seidu ba ya jin Larabci, yaron nan kuma ba zai yi masa Hausa ba. Ni ce tafinta. Ya faɗi duk abin da zai faɗa, ni in ce ya karɓa. Jakar ta zauna ƙarƙashin gadonki, wa zai sani?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajara, abin da aka yi don kada a cuci mutum, shi za ki karɓa da cuta? Gara ta koma."

Har yau ina ganin dabarar nan da ta yi aiki, amma Mma ba a juya ta. Ana gobe Alhaji zai biyo, yayanku ya same ni a madafa ina soya albasa. Duk ya faɗa, idanunsa sun zurma. Ashe kwanakin nan duka yawo yake daga wannan malami zuwa wancan yana neman ƙofa. Ya ce duk bakinsu ɗaya. Sai wani tsohon malami da ya ce masa sura ita ce kai, in an cire kai abin ya zama kamar itace, babu laifi a ajiye shi. Bai faɗa mini don a yi ba, kuka yake kawo mini. Ya ce da wane baki zai ce wa Sitti ta ba shi kayan ɗan'uwanta ya sa musu zarto? Ya roƙe ni kada in faɗa mata. Ya fita, ni kuma na tsaya ina kallon albasar har ta ƙone ƙurmus. Na san in na kai maganar nan ɗakin Mma, ko dai ta tsine wa yaron, ko ta yarda ta rasa fuskokin da ta yi rabin rayuwarta tana kewa. Na kuma san in na riƙe bakina, gobe jakar za ta hau motar Jidda. Na kashe wuta na shiga ɗakin. Don haka in akwai mai neman wanda ya kai maganar yanka, ga ni nan, ba yayanku ba ne.

Mma ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Kan ne kawai matsalar?" Na ce haka malamin ya ce. Ta sa na jawo jakar, ta lalubo kazar ta kifar da ita, ta nuna mini wani ɗigon darma a cikinta. Ta lalubo wani ɗan maharbi mai hannu ɗaya.

"Kin ga wannan? Kawun kawuna ne ya guntule hannun, nauyinsa ya zarce da ƙwayar hatsi. Kazar kuma sauƙi ta yi, aka ɗiga mata darma. Dutsen awo ba a tambayarsa kyau, nauyinsa ake tambaya."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka abin ya zo da sauƙi. Sai na ga ta ɗauki tsuntsun nan mai waiwaye tana shafa kansa da babban yatsa, ta shafa, ta shafa, kamar mai jan carbi.

"Amma ba a taɓa yanke musu kai ba," ta ce a hankali. Ta ajiye tsuntsun, sannan ta ce, "Kira mini shi."

Sharuɗɗa biyu ta gindaya masa. Duk wanda aka cire wa kai sai an mayar masa da nauyinsa daidai, ko ƙwayar shinkafa kada ta ragu. Kuma kafin zarto ya taɓa kowanne, za ta faɗi maganar da ke cikinsa, shi kuma ya maimaita mata da Hausa, ba da Larabci ba.

"Kan da ka cire," ta ce, "sai ka ajiye abin da ke cikinsa a naka."

Washegari bayan kun tafi makaranta aka zauna. Babanku ya kawo ɗan ƙaramin zartonsa da darma da ƙarfen narka ta, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Mma ta rataya igiyar sikelin a babban yatsanta na hagu, tafin hannu yana kallon sama, haka Tonawa suke riƙewa don kada wani yatsa ya yi sata. Tsufa ya ci ƙarfin hannun, ni na tallafe mata gwiwarsa. Ta aza kada mai kai biyu a faranti ɗaya, a ɗayan muka zuba ƙwallayen dabino da ƙwayoyin shinkafa har suka daidaita, aka bar su nan su zama shaida.

"Cikinsu ɗaya," Mma ta ce, "amma suna faɗa a kan abinci, don kowa yana so ya bi ta harshensa."

"Cikinsu wahid," yayanku ya fara.

"Ɗaya, ja'iri. Uwarka ta haife ka a Zango da ka ga yadda ake Hausa."

Ya gyara, ya faɗa har ƙarshe, sannan ya yanke. Ya ɗiga darma a ƙasan cikin, aka aza, ya yi sauƙi, ya ƙara, ya zarce, ya goge, har sikelin ya tsaya cak. Haka aka bi su. Tsuntsu ya ce komawa ka ɗauko abin da ka manta ba abin kunya ba ne. Kaza ta ce ƙafar uwa tana taka ɗa, ba ta kashe shi. Da aka zo kan mai albarushi da lofe, babanku ya ce wannan ba sai an fassara ba, shi ne ranar da ya auri 'yar Ladi. Aka yi dariya, har da Mma. Amma ni da nake riƙe da hannunta na san abin da dariyar take rufewa. Duk lokacin da zarto ya fara kuka sai ta juya ta kafa wa taga ido, jijiyar hannunta ta ɗaure tamau, ba ta saki sai ƙarar ta tsaya. Kawunan ina tara su a farantin shayi, ta ce in rufe su da ƙyalle.

Wajen azahar ƙyallen ya zama babu mai kai ko ɗaya. Yayanku ya goge hannu ya yi hamdala. Sai Mma ta kai hannu ƙugunta ta kwance ƙullin bakin zane, ta fito da wani wanda babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Tsofaffi biyu ne masu gemu, sun ranƙwafo wa juna, hannun wannan a cikin na wancan.

"Wannan daban Alhaji ya ba ni, kina can kina dafa shayi," ta ce mini. "Kwaku ya ce kada a sa shi cikin jaka, a sa mini shi a tafin hannu." Ta dubi yayanku. "Maganarsa ita ce, mutum biyu sun rabu suna da ƙarfi, sun haɗu a hanya sun tsufa, babu abin da ya rage musu sai gaisuwa."

Wannan ba ta ce ya maimaita ba. Yayanku ya san labarin makokin nan, ni na taɓa ba shi. Ya ajiye zarto a ƙasa, ya yi magana da Hausa ba tare da an sa shi ba.

"Sitti, wannan naki ne. Ki riƙe."

"Na jakar ne. A cikinta na san shi tun ina yarinya, a kan tabarmar kawunmu. In na riƙe, rabi na ba ka."

"To ki ba ni haka. Ba yanka. Allah Gafurun ne."

Ku ji da kyau, ku da kuke cewa zuciyarsa dutse ce. Shi ne ya ce a bar shi da kansa, ya yarda ya ɗauki abin da yake ganin laifi ne a wuyansa saboda ita. Mma ce ta ƙi.

"Sannan ka riƙa tsoron jakar har ka mutu, ka kai ta shago ka jefa bayan tsofaffin famfo, 'ya'yanka su tashi ba su san ta ba. Ba don shago na ba ka ba. Yanke. Amma ka kula da hannuwan, kada zarto ya taɓa su."

Babanku ya tashi ya fita, ya ce zai duba ruwa. Yayanku ya yanke, hawaye na ɗiga a kan tagullar yana sharewa da hannun riga. Wannan karon Mma ba ta kalli taga ba, ta zuba masa ido daga farko har ƙarshe. Da sikelin ya daidaita ta karɓa, ta lalubi hannuwan biyu da yatsa, ta ce suna nan. Ta sa shi cikin 'yan'uwansa, ta naɗe fata, ta ɗaure igiya da kanta tana ja da ragowar haƙoranta, ta ɗora jakar a tafin hannuwansa biyu. Ba zan ce muku abin bai ci ta ba. Ta rayu har wata shekarar, ta koma yi masa tsiya, ya koma tura ta Harami, amma ba ta sake cewa a buɗe mata jakar ba ko sau ɗaya. Kawunan kuwa ta ce babanku ya kai a narke, ya kai, ni kuma ban tambaye shi wurin wa ba.

Bayan la'asar Alhaji Seidu ya iso da abokan tafiyarsa biyu don su zama shaidu. Aka zaunar da su a falo, aka turo Mma a kekenta, ni na tsaya bayan labule. Alhaji ya dubi jakar a hannun yayanku, bai nemi a kwance ba, domin ba hurumin baƙo ba ne. Ya ce wa ya karɓa, kuma ɗan wa ne? Yayanku ya faɗi sunansa da na babanku da na kakansa, tiryan-tiryan, yadda aka rubuta a iƙama, takardarsa ta zaman ƙasa. Alhaji ya girgiza kai.

"Manya ba su san waɗannan ba. Ta ɗaki za ka faɗa."

Kun fi ni sanin samarin garin nan. Yaro ya gwammace a fasa masa baki a makaranta da a ji sunan uwarsa, balle a ce shi da kansa ya furta shi gaban baƙin maza. Na ga ya saci kallon labulen da nake. Sannan ya gyara riƙon jakar ya ce:

"Ni Kofi ne, ɗan Hajara, 'yar Akosuwa, ƙanwar Kwaku. Na karɓa."

Alhaji ya dubi shaidunsa, suka gyaɗa kai, ya dafa gwiwa zai miƙe. Sai Mma ta ɗaga hannu.

"Ƙara faɗa," ta ce. "Kunnen Alhaji ya tsufa."

Kunnen Alhaji lafiyarsa ƙalau, kowa a falon ya san haka. Yayanku ya durƙusa gefen keken, dab da kunnenta, ya ɗaga murya ya sake faɗa.